Kayan koyar da karatu da lissafi a gida: wanne za a saya, wanne za a bari?

Iyayen da suka yanke shawarar koyar da yaransu a gida, 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, sukan tarar da kayan koyarwa jibge a intanet, kowanne da kirarinsa. Wannan ya ce nasa tsarin ne masana suka sa wa hannu, wancan ya nuna hoton yarinya 'yar shekara uku riƙe da littafi. Mutum ya yi ta dube-dube har dare ya raba, ya kwanta bai zaɓi komai ba, ko kuma ya sayi uku lokaci guda, biyu su ƙare a saman kwaba suna shan ƙura.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu don ku san inda na dosa. A waɗannan shekaru ginshiƙi biyu sun isa, ɗaya na karatu, ɗaya na lissafi. Kuma kafin a auna yaro, a fara auna mai koyarwar: lokacinsa, haƙurinsa, da iyakar saninsa. Tsarin da ke buƙatar shirin awa guda kowane dare ba zai kai wata biyu ba a hannun uwar da ke da goyo a baya da aiki a gabanta, komai kyansa.

## Abin da za a auna da shi

Jeri. An daɗe ana jayayya tsakanin masu cewa a koya wa yaro sautin kowane harafi ya riƙa haɗawa, da masu cewa a nuna masa kalma ɗungurungum ya haddace kamanninta, sauran kuma ya riƙa canka daga hoto. Hujjoji sun rinjaya wajen na farko. Kwamitin nazarin karatu na ƙasar Amurka, a rahotonsa na 2000, ya lissafa abubuwa biyar da karatu ke tsaye a kansu: jin sautukan da ke cikin kalma, danganta sauti da harafi, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 ya ba da shawarar koyar da sautuka a tsare, kuma tun 2012 ake yi wa 'yan aji ɗaya gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don a rabe mai karatu da mai hadda. Saboda haka duk kayan da ba su nuna muku wane sauti ne farko, wanne ke biye ba, ku ajiye su. A lissafi kuma ku duba ko yaro zai fara taɓa abu da hannu, sannan ya ga hotonsa, sannan a kawo masa alamar lamba. Jerome Bruner, masanin yadda yara ke koyo, ne ya fayyace waɗannan matakai uku a shekarun 1960, kuma mafi yawan tsare-tsare masu kyau a kansu suke tafiya.

Harshe. Wannan ne masu talla ba sa ambata. Kusan duk shahararrun kayan karatu an yi su ne don Turanci, harshe mai haruffa 26 amma sautuka kimanin 44, inda harafi ɗaya kan zo da furuci biyu ko uku. Binciken da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 kan harsunan Turai 13 ya nuna cewa yaran da ke koyon karatun Turanci na ɗaukar fiye da ninki biyu na lokacin da takwarorinsu ke ɗauka a harsunan da ake rubutawa kusan yadda ake furtawa, irin su Italiyanci da harshen Finland. Hausar boko ma ta fi kusa da wannan sahun: yaron da ya san b da a, ya haɗa ba, ya kama hanya. Idan da harshen gida za ku fara, kuma rubutunsa mai sauƙi ne, ba ku buƙatar dogon tsari mai hawa-hawa. Idan kuwa Turanci ne kuma yaron bai ji shi sosai ba, zai iya furta kalma daidai alhali bai san abin da ya faɗa ba, don haka dole a haɗa masa da hira da karanta labari.

Sauran ma'aunan a bayyane suke. Sauƙi: minti nawa ne shiri, kuma an rubuta muku abin da za ku faɗa? Kuɗi: ba na ranar farko kaɗai ba, har da littattafan aiki da ake cikewa a sake saya kowace shekara. Ƙarko: ƙanne za su gada? Haɗari: ta ina tsarin ya saba lalacewa a hannun mutane?

## Kayan karatu

Littafi ɗaya tal. Siegfried Engelmann da abokan aikinsa biyu sun fitar da *Teach Your Child to Read in 100 Easy Lessons* a 1983, daga tsarin DISTAR da ya gina wa makarantu. Darasi ɗari ne, kowanne kamar minti ashirin. Abin da mai koyarwa zai faɗa an buga shi da jan tawada, kalma bayan kalma, har da yadda za a gyara wa yaro idan ya kauce. Shi ne mafi araha, ba shiri, ba yanke-yanken takarda, kuma tun da ba a cikinsa yaro ke rubutu ba, zai zagaya duk gidan. Aibinsa bushewa: ba launi, ba wasa. An kuma sauya siffar wasu haruffa, wanda ba a furtawa an ƙanƙanta shi, dogon wasali an ɗora masa layi, sai a darussan ƙarshe ake komawa rubutun da aka saba. Wasu yara ko a jikinsu, wasu kuwa sukan yi tangal-tangal in sun buɗe wani littafin daban. Darussan tsakiya suna ƙara tsawo, a nan yara da yawa ke cijewa. In hakan ta faru a raba darasi biyu, ko a koma baya kaɗan.

Jolly Phonics. Aikin malamai biyu ne 'yan Ingila, Sue Lloyd da Sara Wernham. Sautuka 42 ne a rukuni bakwai, na farko s, a, t, i, p, n, domin da waɗannan shida kaɗai ana iya haɗa kalmomin Turanci da dama. Kowane sauti yana da motsin jiki, da waƙa, da ɗan labari, shi ya sa yaro mai ƙiriniya ke sonsa. Littafin jagora mai shafukan da ake kwafa ya wadatar, sai dai kamfanin na da kayayyaki barkatai, mai sakin hannu zai iya zarcewa. An tsara shi ne don aji, don haka ku za ku yanke wa kanku saurin tafiya. Inda ya fi lalacewa shi ne yaro ya iya waƙoƙin da motsin tsaf, kowa na tafi, amma a ba shi sauti uku ya kasa haɗa su su zama kalma. Haɗawar nan ita ce karatun, a fara ta tun makon farko.

All About Reading. Marie Rippel ta gina shi a kan hanyar Orton-Gillingham, wadda likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka kafa a shekarun 1930 don yaran da rubutu ke rikita wa ƙwaƙwalwa, abin da ake kira disleksiya. Akwai matakin share fage, sai matakai huɗu. Kowanne na zuwa da jagorar malami, littafin aiki, littattafan labari masu kaurin bango, da katuka, ga kuma haruffa masu maganaɗisu da ake amfani da su a duk matakan. Yaro na gani, yana ji, yana taɓawa, kuma ba a tsallake wata ƙa'ida. Shi ne mafi tsada a nan, domin kowane mataki sayensa daban, koyon rubuta kalmomi daidai ma wani tsari ne da ake saya dabam. In ban da littafin aiki, komai na iya zuwa ga ƙanne. Yaron da ke kama abu da wuri zai iya gajiya da tafiyar hawainiyarsa, amma ga wanda ke shan wahala, wannan sannu-sannun ne maganinsa.

Kayan Montessori. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907. Kayanta biyu ne suka shafe mu a nan: haruffan da aka yanko daga takarda mai kaushi irin ta goge katako, yaro na bin su da yatsa yana furta sautin, da akwatin haruffa warwatse da yake jerawa ya gina kalma tun hannunsa bai iya riƙe fensir ba. Babbar falalarsu ita ce ba ruwansu da harshe, kowanne za su koyar. Na katako suna da tsada amma suna daɗewa, kuma ana iya yin na gida da kwali. Sai dai ba darasi a rubuce, mai koyarwa ne zai yi karatu ya san jeri. Ga kuma wani abu: sunan Montessori ba mallakin kowa ba ne, kowane mai kayan wasa na iya manna shi a kwalinsa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kowanne kuka ɗauka, yaro na buƙatar ƙananan littattafan da aka rubuta da haruffan da ya riga ya sani. Bob Books, da suka fito tun 1976, labarinsu na farko haruffa huɗu ne kacal. Ba tsarin koyarwa ba ne, filin gwaji ne. Don labaran da za ku karanta masa kuwa, African Storybook da StoryWeaver suna ba da littattafai kyauta a harsuna masu yawa.

| Kaya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi ga mai koyarwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Darussa 100 na Engelmann | Kaɗan | Mai kyau | Buɗe ka karanta | Gundura, baƙon rubutu |
| Jolly Phonics | Kaɗan zuwa matsakaici | Matsakaici | Sai an tsara | Waƙa ba haɗawa |
| All About Reading | Mai yawa | Mai kyau, ban da littafin aiki | Mai sauƙi bayan shirin farko | Jinkiri ga mai saurin kamawa |
| Montessori | Mai yawa, ko kusan kyauta in na gida ne | Mafi kyau | Mai wuya | Rashin jeri, jabun kaya |

## Kayan lissafi

A nan hujjar bincike ba ta yanke hukunci kamar a karatu ba. Hanya biyu ce. Ɗaya ta ce a tsaya kan abu guda sai an ƙware sannan a wuce. Ɗayar ta ce a ɗiba kaɗan yau, a tafi wani abu gobe, a yi ta kewayowa. Kowacce na da yaran da ta dace da su.

Lissafin Singafo. Ƙasar ta fitar da jerin Primary Mathematics a 1982, duniya kuma ta waiwayo lokacin da ɗalibanta suka zo kan gaba a TIMSS, gwajin lissafi da kimiyya na ƙasa da ƙasa, na 1995. Yana bin matakan Bruner sau da ƙafa, yana koya wa yaro farfasa lamba, ya ga bakwai a matsayin biyar da biyu ko huɗu da uku, daga baya ya riƙa zana sanduna don warware tambayar da aka ba shi cikin labari. Ni a wurina shi ne ya fi gina tunani. Kuɗinsa matsakaici ne, kowace shekara kashi biyu, littafin aiki kuma sai an sake saya. Tarkonsa ɗaya ne, kuma kusan kowa na faɗawa: a sayi littafin ɗalibi da na aiki a bar jagorar mai koyarwa don rage kuɗi. To matakin taɓawa da hannu a cikin jagorar yake. In babu ita, abin da ya rage shafukan cikewa ne irin na kowa. Maimaicinsa ma kaɗan ne, mai mantuwa sai an ƙara masa.

Saxon. Shi ne jagoran hanyar kewayo. John Saxon ya kafa shi, Nancy Larson ta rubuta na ƙananan azuzuwa. Darussa sama da ɗari a shekara, an rubuta duk abin da za a faɗa, kuma kullum akwai bitar kalanda, agogo, kuɗi da ƙirga. Abin da aka koya ba ya ɓacewa, domin gobe zai dawo. Amma darasi na da tsawo, akwatin kayan taɓawa na ƙara kuɗi, yaro mai kaifi kuma zai ce an riga an yi wannan. Wani kuma zai iya bin matakai daidai bai ga yadda abubuwan suka haɗu ba, saboda an daddatsa su.

Math-U-See. Kishiyar Saxon ce. Steve Demme ya tsara shi, matakai da sunayen haruffan Girka: Alpha tarawa da ɗebewa na lamba ɗaya, Beta na lambobi masu yawa, Gamma ninkawa, Delta rabawa. Kowane darasi da gajeren bidiyo, da tubalan roba masu launi da ake saya sau ɗaya su yi shekaru. Wanda lissafi ke ba tsoro zai samu sauƙi, domin bidiyon ya yi bayanin. Haɗarin shi ne jerinsa ya bambanta da na makarantu, yaron da za a mayar aji a tsakiyar tafiya zai iya tarar da giɓi. Shafukan kuma fari da baƙi ne, shekara guda a kan abu ɗaya.

RightStart. Joan Cotter, injiniya da ta koma malamar Montessori, ta gina shi a kan abakus, wato allon ƙirga, mai duwatsu ɗari, layi goma, kala biyu, biyar-biyar. Manufar ita ce yaro ya ga takwas ya gane ta nan take, biyar da uku, ba sai ya ƙirga ɗaya-ɗaya ba. Maimakon shafukan cikewa, wasannin kati ake yi. Ya dace ƙwarai da yaron da hannunsa bai nuna ba wajen rubutu amma kansa na ja. Akwatin farko na da tsada, sai dai shi za a yi ta amfani da shi shekaru. Abin da yake ci shi ne ku: ba darasin da yaro zai yi shi kaɗai, kuma in aka daina wasannin don gajiya, an zare bitar gaba ɗaya.

Sandunan Cuisenaire da tsarin kyauta. Georges Cuisenaire, malamin firamare ɗan Beljiyam, ya ƙirƙiro sanduna masu launi goma, daga santimita ɗaya zuwa goma, Caleb Gattegno ya yaɗa su a shekarun 1950. Ba su da tsada, ba sa lalacewa, ba ruwansu da harshe. Littattafan Miquon guda shida a kansu aka gina su, amma suna son mai koyarwar da ke jin daɗin bincike. Akwai kuma MEP, tsarin lissafi da wata cibiya a Ingila ta gina bisa salon ƙasar Hangari ta sa a intanet kyauta. Yana da zurfi sosai. Kuɗinsa na takarda da tawadar firinta ne, wahalarsa kuma mayar da darasin da aka rubuta don aji ya zama na yaro ɗaya.

| Kaya | Salo | Kuɗi | Ƙarko | Lokacin mai koyarwa |
|---|---|---|---|---|
| Singafo | A ƙware a wuce | Matsakaici, duk shekara | Matsakaici | Matsakaici |
| Saxon | Kewayo | Matsakaici zuwa mai yawa | Matsakaici | Mai yawa |
| Math-U-See | A ƙware a wuce | Matsakaici zuwa mai yawa | Tubalan na daɗewa | Kaɗan |
| RightStart | Kewayo cikin wasa | Mai yawa da farko | Mai kyau | Mafi yawa |
| Cuisenaire da MEP | Bincike | Kaɗan | Mafi kyau | Mai yawa |

Gargaɗi ɗaya ya shafi duka: sandar santimita ɗaya, duwatsun ƙirga na Montessori da ƙananan maganaɗisu abin haɗiya ne ga ɗan ƙasa da shekara uku. In akwai mai rarrafe a gidan, a samu akwati mai murfi a ɗora sama.

## Manhajojin waya fa?

Khan Academy Kids, da ta fito a 2018, kyauta ce kuma ba talla, ta fi yawancin na kuɗi. Duk da haka ban ga dalilin mayar da ita ginshiƙi ba. Yawancin manhajoji ba sa jin yadda yaro ke furta sauti, kuma yara na saurin gano cewa in aka yi ta dannawa za a dace da amsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada zamansu gaban allo ya wuce awa ɗaya a rana. Minti goma sha biyar na bita yayin da kuke tare da wani yaron, wannan ya yi.

## Wa ya dace da wanne

Mai ƙaramin ƙarfi da ke son Turanci: littafin Engelmann, sandunan Cuisenaire, da MEP. Lokaci za a biya maimakon kuɗi.

Wanda zai fara da harshen gida mai sauƙin rubutu: haruffan kwali irin na Montessori, a fara da wasula, a bi da gaɓoɓi, sannan gajerun labarai. A ajiye kuɗin tsarin Turanci sai yaro ya fara jin harshen.

Mai yara da yawa da lokaci kaɗan: Engelmann da Math-U-See. Ku nisanci RightStart da Montessori, ba don ba su da kyau ba, don ba za ku samu zaman da suke nema ba.

Yaron da ba ya zama wuri ɗaya: Jolly Phonics da RightStart, darasi gajere sau biyu a rana.

Yaron da ya kai shekara shida ko bakwai yana kasa jin sautin farkon kalma, yau ya koyi harafi gobe ya manta, musamman in akwai mai irin matsalar a dangi: All About Reading, tare da gwajin ido da kunne, da ganin ƙwararre. A lissafi Saxon zai riƙe masa abin da ya koya.

Wanda ke shirin mayar da yaro makaranta nan da shekara ɗaya ko biyu: Jolly Phonics da lissafin Singafo ko Saxon, bayan an nemi jadawalin ajin da zai shiga an gwada.

Ɗan shekara huɗu da ke gudu in ya ga littafin darasi: kada a saya masa komai tukuna. A Finland sai shekara bakwai ake shiga aji ɗaya. A karanta masa labari kullum, a yi wasan wace kalma ce ta fara da sauti kaza, a ƙirga matakala da maɓallan riga, a sake gwada darasin bayan wata uku.